Fuskar Azumi

Safiyatu na tsakar gida tana tankaɗe sai ga mahaifiyarta, Inna Ikilima, ta faɗo daga garin Isa ko sallamar kirki babu, da ɗan littafi a hannu.

"Wagga wace irin ta'asa ta? Ina mijin naki?"

Lawwali ya fito ya durƙusa, hannunsa duk kala. Tun yana firamare a Sabon Birni yake shan bulala kan zane da gawayi a bangon aji, da ya girma kuma abin ya zama sana'a: ya rubuta wa yara labari, ya zana hotunan, a buga a Sakkwato. Safiyatu ta so shi a haka, da rigunansa da ba sa fita a wanki. Sai dai yarinyar da ke sabon littafin, mai jan ɗan akuya, Azumi ce, 'yarsu ta fari da zazzaɓi ya ɗauke a daminar bara. Har sunanta ya sa a bangon littafin.

"Mamaciya kaka kaiwa kasuwa?" in ji Inna. "Ko dai a janye shi, ko in tahi da ɗiyata."

"Inna, an riga an raba ma makarantu. Ki gahurce ni, tsoro nika ji in manta kamanninta."

"Safiyatu, ɗauko mayahinki."

Ta ɗauko tana hawaye, don ba ta taɓa yin musu da uwa ba. Shi ma bai hana ba, ya dai rako su tasha.

Zaman Isa ya yi mata ɗaci. Kunyar 'yar fari ta hana ta kiran sunan Azumi tana raye, ba ta taɓa yi mata wasa gaban mutane ba, ranar rasuwar ma sai ta haɗiye kukanta aka yaba mata. Yanzu ga kewar miji a kai. Duk Juma'a Lawwali na zuwa, ya gai da Inna daga zaure, a amsa masa ciki-ciki, ya koma. Abokai na ce masa ya kai ƙara gun manya, ya ce uwa ba abokiyar shari'a ba ce.

Wata Juma'ar yana zaure, yaran makwabta suka taso daga makaranta suna karanta littafin da ƙarfi: "Azumi ta ba ɗan akuya ruwa, Azumi ta yi dariya." Safiyatu na jin haka ta saki muciya.

"Azumi," ta ce a hankali. Karo na farko ke nan da sunan ya fito daga bakinta, kuka kuwa ya ɓalle.

Jikin Inna ya yi sanyi. Ta karɓi littafin gun yaran, ta daɗe tana kallo, sannan ta nufi zaure da kanta.

"Kai, ba ka gama aikinka ba. Jikata na da wushirya, ina take?"

Lawwali ya sunkuyar da kai. "Na manta, Inna."

"To ka gani. Ɗauki matarka ku tahi, ta riƙa tuna maka." Ta goge ido da gefen zane. "In an sake bugawa, a kawo mani nawa."

Haƙurin Lawwali da biyayyar Safiyatu suka ceci aurensu. Iyaye kuma su sani, kowa da yadda yake makokinsa, kada a raba masoyan da rashi ɗaya ya haɗa.