Fibi Ta Ba Su Hanya

Shekara ashirin ina koya wa mutane tuƙi a Jos, ban taɓa gamuwa da mai taurin kai irin Fibi, 'yar ƙanwata ba. Shekararta tara a Ingila, can ta koyi mota, ta zo hutu wai in nuna mata hannun da muke bi a titi kawai. Duk abin da na faɗa sai ta ce, "Kawu, can ba haka ake yi ba." Can ɗin banza!

Wata rana mun je bayan Bukuru ɗauko wa uwarta dankali, muna dawowa rana ta kusa faɗuwa. Gab da tsohon kududdufin haƙar kuza, wanda ya sha cinye mutane, na ce mata, "Nan wurin ki danna hon sau biyu ki wuce. Ko wa kika gani, kada ki tsaya."

Ta yi dariya. "Hon ba dalili? Can rashin ɗa'a ne."

Sai ga wata tsohuwa ta sa ƙafa ɗaya a kwalta. Fibi ta taka burki. Har da ɗaga mata hannu, wai ta wuce!

"Ke! Wa ya aike ki?"

Tsohuwar ta fara tsallakawa, zaninta jiƙe sharkaf. Bayanta wani, bayansa wata, kowa da kwanon wankin kuza a ka, ruwa na ɗiga. Ba tari, ba takun ƙafa. Warin laka ya cika motar, gilashi kuwa a rufe.

Injin ya mutu.

A cikin motar, ruwa mai sanyi ya taɓa idon sawuna.

"Kawu," ta ce ƙasa-ƙasa, "tana kallona."

Tsohuwar ta dawo. Ta manna goshinta a gilashin Fibi.

Na kai wa hon duka, sau biyu. Na murɗa makulli, na danne gwiwar yarinyar a kan totur da iya ƙarfina. Mota ta zabura. Har Gada Biyu ina zazzaga mata masifa.

Hutu ya ƙare, ta koma Ingila. Jiya da rana tsaka ta kira ni.

"Kawu, ina cikin mota. Ga tsohuwar nan bakin titi. Ta sa ƙafa ɗaya."

"Danna hon ki wuce! Fibi, don girman Allah ki wuce!"

"Kawu, akwai 'yan makaranta a gefenta, za su tsallaka."

Na ji ƙarar burki. Na yi ta kiran sunanta har muryata ta dishe. Ba abin da ke fitowa daga wayar sai motsin ruwa.