Fitila Mai Ido A Ƙofar Alhaji Datti

Ranar da Lukuman ya fara ganin Safara'u, tsani ne a kafaɗarsa, jakar kayan aiki a hannu, ga ruwan Jos ya gama yi masa wanka tun daga Tina Junction. Ya tsaya a ƙofar gidan Alhaji Datti da ke Jos Jarawa ya kwaɗa sallama, haƙoransa na haɗuwa don sanyi. Ita ce ta leƙo, da alli a yatsunta, don dawowarta ke nan daga firamaren da take koyarwa.

"Mai gyaran wuta ne," ya ce. "Oga Romanus ya turo ni."

"Baba ya tafi kasuwa, amma ya bar saƙo. Ga abin can a kwali."

Abin da ke cikin kwalin tsarabar Makka ce. A shekarar, wadda sojoji ke shirin miƙa mulki ga farar hula, ɓarayi sun taɓa haura katangar Alhaji, shi ya sa da ya je aikin hajji ya sayo wata fitila mai ido a ƙarƙashinta. In duhu ya yi, da ta ga motsi sai ta kama da kanta, in motsin ya tsaya ta ɗan jira ta mutu. Duk unguwar babu wanda ya taɓa ganin irinta.

Lukuman ya jingina tsani. Kafin ya hau ya nufi wajen mita, ya zare fiyus, wani ɗan farin tangaran da in babu shi wuta ba ta shiga gida. Sai ya miƙa mata.

"Riƙe min wannan, Malama. Ko wa ya tambaya kada ki ba shi, sai na sauko."

"Me ya hana ka ajiye a kan mitar?"

"Wanda aka ajiye kowa na iya mayarwa. Ogana ya ce a ba mutum a hannu, mutumin da aka yarda da shi. Raina ne kike riƙe da shi."

Ta dubi ɗan tangaran ɗin, ta dube shi. "Daga gani na farko har ka yarda da ni?"

"Ai malamai ba sa cin amana."

Ta yi dariya ta rufe baki da gefen mayafi. Shi kuwa gogan naka yana bisa tsani yana ɗaure waya, amma rabin hankalinsa na ƙasa. Sau biyu filaya na suɓuce masa.

Ɗora fitilar bai ɗauki lokaci ba, saita ta ce ta zama aiki. Tana da 'yan kunnuwa biyu da ake murɗawa, ɗaya na nisan ganinta, ɗaya na daɗewarta a kunne. Da farko idon ya kalli titi, sai ta riƙa kamawa ga kowace akuya da kowane mai keke. Aka kira Lukuman. Ya sunkuyar da idon, sai ta daina ganin kowa sai wanda ya zo ya kusa buga ƙofa da goshi. Aka sake kiransa. Ni dai ban ce da gangan yake yi ba, amma yaron da ya iya haɗa wutar bene guda bai kamata ƙwan fitila ɗaya ya gagare shi wata biyu ba.

Kowane zuwa, ita ke riƙe fiyus. Ita ce kuma mai gwaji: ta taka daga bakin titi zuwa ƙofa yana kallo daga sama.

"Ƙara takowa, Malamata."

"Injiniya, fitilar kake gwadawa ko ni?"

"Ita ta gan ki ta kama. Ni na gan ki na kama tun ranar farko, har yau ban mutu ba."

A zuwansa na ƙarshe ya ɗan karkata idon zuwa bakin zaure, don mai fitowa daga gida ma ya sami haske. Ya kuma gaya mata cewa bayan ɗakinsa akwai wani dutse, in ya hau da magariba yana hango fitilar tamkar tauraruwa a cikin gidajen Jos Jarawa.

A zamanin, masoyin da ya rasa bakin magana katin gaisuwa yake saya ya aika gidan rediyo. Ran Lahadi da yamma Safara'u na tsintar shinkafa ta ji mai gabatarwa na karantawa:

"Daga Injiniya na Tina Junction, yana gaida Malamarsa ta Jos Jarawa. Ya ce sanyin garin nan da sauƙi tunda ya san inda haske yake."

Ta zubar da rabin shinkafar. Mahaifiyarta, Inna Tabawa, ta kalle ta ta gefen ido. Mako na zagayowa amsa ta fito:

"Malama ta Jos Jarawa tana gaida Injiniya. Ta ce abin da aka ba ta riƙo yana nan, ba ta ba kowa ba."

Da magana ta yi ƙarfi, Lukuman ya tura kawunsa wurin Alhaji Datti a rumfarsa ta atamfa da ke kasuwar Terminus. Alhaji ya saurara har ƙarshe, sannan ya girgiza kai.

"Yaron ba shi da aibu, na shaida. Amma ba zan ba mai wasa da wuta 'yata ba. Ƙanena Ilu sana'arsa ke nan. Da safe muka karya tare, da azahar aka kawo min shi a tabarma. Ni na riƙe matarsa da marayunsa, na san kukan da aka yi. Ba zan sake ganin wannan a gidana ba. Ya bar sana'ar, ko ya bar ƙofata."

Barin sana'ar kuwa ba abu ne mai yiwuwa ba, da ita Lukuman ke ciyar da mahaifiyarsa da ƙannensa. Sai ya bar ƙofar.

Ba a daɗe ba Shu'aibu ya fito, ɗan abokin Alhaji mai manyan motocin dakon dankali. Rannan Lukuman ya kasa haƙuri ya bi ta layin da magariba, ya tarar da farar mota a ƙofar, fitilar da ya ɗora da hannunsa tana haska wani yana gyara hula. Ya juya bai ko tsaya ba.

Daga ranar ya koma hawa dutse. Kullum in an idar da sallar magariba fitilar sai ta kama, ta daɗe a kunne har kiran isha'i. Shi ya saita ta, ya san ba ta daɗewa haka sai akwai mai motsi a gabanta. Wato zance ake yi, kuma zancen na daɗi. Yakan zauna rungume da gwiwoyinsa cikin rigar sanyi, kewarta na cin zuciyarsa, yana kallon hasken da ke ƙona shi, ya kuma kasa daina kallo. Katin gaisuwa ma ya daina saye. Da ya ji an karanta nata, "Malama tana tambayar Injiniya, ko idonsa ya daina gani daga nesa?" sai ya ɗauka gori take yi masa, ya kashe rediyon.

Oga Romanus ya gaji da ganinsa yana haɗa jan waya da baƙa.

"Lukuman, wetin dey worry you? Yarinya yana sonka, kai kana tsaya kamar falwaya. Ka je ka tambaya shi mana."

"Oga, ta sami mai mota."

"Mota! Ni na auri Ulonma da keke, keken ma na aro."

Ana haka sai ga Alhaji Datti da kansa a shagon Romanus, ransa a ɓace. Fitila ta lalace, in ji shi. Maƙwabta sun ce kullum yana masallaci take kamawa, alhali babu kowa a ƙofar. Wasu na cewa ɓarayi ne ke gwada ta, wasu tsofaffi har sun fara maganar mutanen ɓoye. Romanus ya dafa ƙugu ya ce bayansa ba ya barinsa hawa tsani, kuma duk Jos yaronsa kaɗai ya san kan fitilar nan. Alhaji ya ce to, yaron ya zo.

Lukuman ya isa rana na shirin faɗuwa, don fitilar ba ta gwaduwa da haske. Ya gaida Alhaji a ladabce, bai ko kalli zaure ba. Da duhu ya fara ya taka daga titi, ta kama. Ya tsaya cak, ta mutu. Ya sake, haka.

"Alhaji, lafiyarta ƙalau. Ba ta kamawa sai ta ga mutum." Ya kawar da kai. "Wataƙila baƙon da ke zuwa da mota ne."

"Wane baƙo? Shu'aibu? Zuwansa biyu Safara'u ta sallame shi, tun kafin watan jiya. Ba wanda ke zuwa ƙofar nan."

Lukuman ya ɗaga kai ya dubi idon fitilar, ya bi inda yake kallo da nasa idon. Bakin zaure.

A daidai lokacin fitilar da ta mutu ta sake kamawa, alhali su biyun babu wanda ya motsa. Gefen wani shuɗin mayafi ne ya gifta a bakin zauren.

"Safara'u," Alhaji ya kira. "Fito nan."

Ta fito kanta a ƙasa, ta durƙusa.

"Ke ce mutanen ɓoyen?"

"Ni ce, Baba." Ba ta ɗago ba. "Ka ce kada ya zo, bai zo ba. Ni ma ban taka waje ba. A nan nake tsayawa ina kaɗa mayafi don kada ta mutu. Ya ce yana hango ta daga dutse. So nake ya san ina nan."

Lukuman ya juya fuskarsa ga katanga. Duk maraicen da ya kwashe yana jin haushin hasken nan, ashe kiransa ake yi.

Alhaji ya juya ga Lukuman. Da ya buɗe baki, muryarsa a daƙile take. "Hau ka kawar da idon daga zauren."

"To, Alhaji."

Bai yi musu ba. Ya nufi mita ya zare fiyus, gidan ya yi duhu, Inna Tabawa ta fito da aci-balbal. Ya juyo da ɗan tangaran ɗin a hannu, ƙafarsa ta fara nufar inda ta saba, sai ya tuna. Ya russuna ya miƙa wa Alhaji.

"A riƙe min, Alhaji. Ko wa ya tambaya kada a ba shi sai na sauko."

"Don me?"

"Haka nake aiki. Ban taɓa hawa tsani fiyus na ajiye ba. Sai yana hannun wanda na yarda da shi."

Alhaji ya karɓa. Ya juya abin a tafinsa kamar bai taɓa ganin irinsa ba.

"Ilu a kan mita ya ajiye nasa," ya ce a hankali. "Wani ya shigo ya ga gida ba wuta, ya mayar, bai san da mutum a sama ba. Da akwai wanda ya riƙe masa..." Bai ƙarasa ba.

Lukuman ya sa ƙafa a matakin farko.

"Dakata." Alhaji ya dubi 'yarsa da ke durƙushe. "Duk zuwan da ya yi a baya, wa ke riƙe masa?"

"Ni ce, Baba."

"Kin taɓa ajiyewa?"

"Ko sau ɗaya."

Ya miƙa mata. "To karɓi. Ni na tsufa, hannuna rawa yake yi. Ki riƙe da kyau, daga yau aikinki ne." Sannan ya dubi Lukuman. "Kai kuma bar idon inda yake. Ka gaya wa kawunka ya same ni ran Juma'a."

Safara'u ta damƙe ɗan tangaran ɗin a ƙirjinta, hawaye na zuba, tana murmushi. Inna Tabawa ta ce ita dai a mayar mata da wuta tuwonta na kan murhu.

Bayan damina aka ɗaura aure a ƙofar gidan. Romanus ya zo da Ulonma cikin babbar riga ta aro, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa ciwon bayansa ne ya haɗa auren. Da magariba, da aka fito da amarya, fitilar ta kama ta ƙi mutuwa saboda yawan jama'a. Alhaji ya dafa kan 'yarsa ya ce, "Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a ta gari. Duk inda ya hau, Allah Ya sauko miki da shi lafiya."

Washegari da duhu ya fara Lukuman ya kai ta bayan ɗakinsu, ya riƙe hannunta suka hau dutsen. Can cikin gidajen Jos Jarawa hasken ya kama.

"Yau kuma wa ke kaɗa mayafi, Malamata?"

Ta daɗe tana kallo, sannan ta jingina kanta a kafaɗarsa.

"Baba ne," ta ce. "Ya san muna kallo."