Kunyar Ɗan Fari a Gaban Ma'auni

Ƙwaryar raino tana aikinta ba hayaniya. Tulu ne na gilashi mai girman tukunyar biki, cike da ruwa mai ɗumi kalar zuma, wata igiya mai laushi tana kai abinci da iska ga ɗan tayin da ke kwance a ciki. Daga ƙasa wani ɗan inji yana bugawa dif, dif, dif, yana kwaikwayon zuciyar uwa. A saman tulun kuwa akwai idon na'ura, ƙarami kamar ƙwayar wake. Shi wannan ido ba ɗan yake kallo ba, masu zuwa ganinsa yake kallo.

Barira na zaune a kan benci, ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafinta. Surukarta, Inna Delu, ita ce ta manna fuska a gilashin.

"Kai, wannan goshi na ubansa ne sak! Barira, ɗago ki gani mana, ya motsa ƙafa."

Barira ta ƙara kawar da kai, alhali zuciyarta kamar ta fasa ƙirji ta isa gilashin. Amma ɗan fari ne, ga kuma uwar miji a tsaye. A gidan da ta tashi, uwa ba ta ƙura wa ɗanta na fari ido a gaban manya, ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa. Inna Delu ta yi murmushi ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar gidan mutunci."

Majalisar birnin Tudun Haske ta daɗe tana kai ruwa rana a kan matan da suka sami ciki ba su da halin riƙonsa. Wasu na cewa a halatta zubarwa a asibiti, wasu na cewa a ɗaure duk wadda ta gwada. Wata tsohuwar ungozoma ta taɓa miƙewa ta ce a ba matan abin da za su ci a gani ko za su zubar, aka yi mata tafi aka wuce. Tana cikin zama injiniyoyi suka shigo da ƙwarya, sai kowa ya numfasa. Ba zubarwa, ba kuma ciyar da mai ciki. Wadda ta kasa, a ciro ɗan tayin a sa a tulu. Kuɗin da za a ciyar da iyaye mata aka zuba a gilashi da waya, manya suka yanka kintinkiri aka ɗauki hoto.

Sai dai manyan ba su yarda da talaka ba. Suna tsoron wata ta karɓi jariri don tallafin shayarwa kawai, saboda haka aka ƙera Ma'aunin Shaƙuwa. Idon nan na saman tulu yana lura da uwa duk lokacin da ta zo ziyara. In ma'auni ya nuna kore, ranar haihuwa a miƙa mata ɗanta da tallafi. In ya nuna ja, a kai jariri gidan renon hukuma, a rufe sunan uwarsa. Aka hana ɗaukaka ƙara don kada a ce an yi son kai, aka kuma hana ma'aikata faɗin abin da idon ke nema don kada mata su yi ƙauna ta ƙarya. A ƙofar gidan ƙwarya suka rubuta da manyan baƙaƙe: Labarin zuciya a tambayi fuska.

Cikin Barira na ƙarami mijinta Zubairu ya faɗo daga kan hasumiyar faifan hasken rana, bai shura ba. Ita kuwa aikinta tsince tsofaffin batura ne a masana'anta, inda tururin gubar ke ɓarar da ciki. In ta bar aikin, ita da tsohuwar surukarta su kwana da yunwa. Wata abokiyar aiki ta damƙa mata ƙwayar zubar da ciki a ɓoye, ta ce, "Ki sha ki huta, ba wanda zai sani." Barira ta yini da ƙwayar a ƙulle a bakin zani, da yamma ta jefa ta a kwata, washegari ta kai kanta gidan ƙwarya. Tun daga ranar ba ta taɓa fashin ziyara ba, a zatonta zuwan shi ne abin da ake aunawa. Inna Delu ma ba ta taɓa barin ta ta zo ita kaɗai ba, don abin da ya rage mata na ɗanta ke nan.

A wata ziyara na'urar ta yi magana da muryarta mai sanyi. "Uwar jariri, wane suna za a sa masa?"

Barira ta sunkuyar da kai. Sunan ubansa aka zaɓa, ita kuwa ko yana raye ba ta taɓa furta sunan mijinta ba. Inna Delu ce ta amsa da alfahari, "Zubairu. Ita ai ba za ta faɗa ba."

Ranar da suka zo ziyarar da ta zama ta ƙarshe, wata ma'aikaciya mai suna Larai ta ja Barira gefe kamar za ta gyara mata mayafi.

"'Yar uwa, in an ji na faɗa miki a bakin aikina. Amma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ma'auninki ja ne. Ki dube shi, ki taɓa gilashin, ki kira shi. Abin da idon ke nema ke nan."

"A gaban Inna?"

"Ko a gaban wa."

Barira ta koma ɗakin. Ta matso kusa da tulun har tana jin ɗuminsa a fuskarta, ta ɗaga hannu. Daidai nan Inna Delu ta juyo tana share hawaye, ta ce, "Kin gani, kunyar nan taki ita ta sa marigayi yake ji da ke." Hannun ya sauka da kansa. Barira ta ce a ranta gobe za ta zo ita kaɗai, ai lokacin haihuwa da saura.

Da safe ta ce wa Inna Delu masana'anta za ta, ta sa wata 'yar hula da ta saƙa a ɓoye cikin jaka, ta hau jirgin ƙasan da ke bi ta saman titi. Ko da ta shiga ɗakin, sai ta tarar da tulun wayam. An tsiyaye ruwan, an goge gilashin yana ƙyalli, injin zuciyar ne kawai bai daina bugawa ba.

Larai ta zo ta tsaya a bayanta. "Ya matsu ya fito, da asuba aka buɗe. Lafiyarsa ƙalau, ya yi kuka sosai." Ta dubi ƙofa. "Mota ta riga ta tafi da shi."

"Ina?"

"Wallahi ni ma ba a faɗa mini. Na'ura ce ke raba su."

Barira ta taka zuwa gaban gilashin. Ta durƙusa ta rungumi tulun da hannu biyu, ta manna kumatunta inda Inna Delu ta saba manna nata, ta ƙura ido a wurin da ya saba kwanciya.

"Zubairu," ta ce. Sunan ya fito da nauyi, bakinta bai saba da shi ba. "Zubairu, ni ce. Zubairu!"

Idon da ke saman tulun ya juyo a hankali. Ba wanda ya tuna ya kashe shi. Ya auna kallonta, ya auna muryarta, ya auna hannuwanta a kan gilashin, sai 'yar fitilar da ke gefensa ta juye daga ja ta koma kore shar.

"Shaƙuwa ta cika," in ji muryar mai sanyi. "Muna taya ki murna."

Larai ta toshe baki da hannu ta fita. A bakin ƙofa wasu ma'aikata biyu na tsaye da sabon ruwa a kura, suna jiran Barira ta saki tulun. Akwai wata mata a ɗakin tiyata da ake shirin ciro nata ɗan tayin.