Yunwar La'asar

"Sa hannu ki ci, 'yar nan."

Fiddausi ta dubi farantin da aka dire mata. Naman ragon suna ne, soyayye, yana tiriri, an barbaɗe shi da yaji. Ƙamshin ya daki hancinta har sai da yawunta ya tsinke. Ta ƙara sunkuyar da kai.

"Inna, ki yi haƙuri... ba na cin nama."

Matan da suka zo sunan jikar Inna Hauwa suka bar hirarsu suka zubo ido, don kowa a gidan nan na Tarauni ya san wannan ce yarinyar Gyadi-Gyadi da Ƙasimu ya nace sai ita. Inna Hauwa kuwa, mahaifiyar Ƙasimu, 'yar mahauci ce kuma matar mahauci, kuma tunda take ba a taɓa mayar mata da farantin nama ba.

"Ba kya cin nama, ko dai namu ne ba kya ci?"

"Wallahi Inna lalura ce. In na ci, jikina..."

"Wai borin jini!" Hasana ta cafe daga bakin gado tana dariya. 'Yar ƙanin Inna ce, tun tana ƙarama ake tsokanarta da matar Ƙasimu, ita kuma ta riƙe wasan da hannu biyu. "Inna, ai na faɗa miki. Da idona na gani! Kullum ta zo wucewa ta gaban tukubarsa sai ta ja gyale ta toshe hanci, kamar mai wuce bola."

Fuskar Inna ta sauya.

Ƙasimu yana tsaye a bakin ƙofa da tire a hannu, shi ya shigo da naman. Ya rage murya yadda ita kaɗai za ta ji.

"Fiddausina... ko tsoka ɗaya. Don Allah. A wuce wurin."

Ta ɗago ta dube shi. Duk abin da aka faɗa a ɗakin nan babu wanda ya soke ta kamar wannan, domin shi ya sani.

Ta miƙe ta gyara gyalenta.

"Inna, na gode da karamci. Allah ya raya jaririya. Amma ko za a ɗaure ni, ba zan ci ba."

Ta sa takalminta ta fice, ana ta salati a bayanta.

Shekarar ce soja suka koma bariki, bakin kowa ya buɗe, har mai shayi yana da ra'ayi a kan gwamnati. To amma a gidan Inna Hauwa ba a ji labarin an miƙa mulki ba. A ranar ta yanke hukunci: muddin tana numfashi, wadda ke ƙyamar sana'ar ubanta ba za ta shigo mata gida ba.

Gaskiyar lamarin kuwa, Fiddausi ta fi kowa son nama. Tana aji huɗu na sakandare abin ya same ta. In ta ci jan nama ko ta sha nono, sai bayan awanni jikinta ya yi rudu-rudu, leɓe ya kumbura, numfashi ya riƙa sarƙewa. Na ƙarshe sai da aka kwantar da ita a asibiti, likita ya ce in tana son ranta ta yi sallama da duk abin da ya fito daga saniya, tunkiya ko akuya. Da yake kuma abin ba ya tashi nan take, rabin dangi ba su yarda ba. Iyayi suke kiransa.

Ta koma kan wake da ganye, sai kifi jefi-jefi. Da safe kunun gyaɗa da ƙosai, da rana ɗanwake ko kwaɗon zogale. Maƙwabciyarsu Uju, ma'aikaciyar jinya, ita ta koya mata madarar waken suya: a jiƙa, a surfe, a kai inji, a tace, a tafasa har gafin ya fita. Duk wannan da sauƙi. Inda gizo ke saƙar shi ne la'asar. Tana tashi daga cibiyar da take koya wa mata ɗinki a Tarauni, sai cikinta ya fara ƙugi, daidai kuma lokacin da masu tsire ke hura wuta. Ta sha wuya kafin ta gane cewa kunun aya shi kaɗai ruwa ne, ba ya riƙe ciki, sai an haɗa shi da abin taunawa. Shi ya sa jakarta ba ta rabuwa da gorar kunun aya naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, da ƙullin dabino da gyaɗa.

Ranar da ta fara magana da Ƙasimu, kunun ne ya yi tsami saboda zafi. Ta zo wucewa da gyale a hanci, yunwa ta galabaitar da ita.

"Malama, warin ne ya yi yawa?" ya tambaya, ransa a ɓace.

"Ƙamshin ne ya yi yawa," ta ce, ta zube a kan bencinsa.

Da ya ji bayani bai yi dariya ba. Ya wanke wuƙa da sabulu, ya yanka kabeji da tumatir da albasa a sabuwar takarda, ya zuba garin ƙuli wanda bai taɓa nama ba, ya miƙa mata. Tun daga ranar mai tsiren da ya fi kowa ciniki a layin ya koma yi wa mutum ɗaya kwaɗo, kuma ita ma tun daga ranar ta san zuciyarta ta tafi.

Shi ya sa washegarin suna, da ya yi sallama a ƙofar gidansu bayan la'asar, ta fito ba ko murmushi.

"Ranki ya daɗe..."

"Malam Ƙasimu, lafiya?"

"Yau kuma ni ne Malam? Haba sanyin idona. Na san na yi kuskure."

"Kuskure? Ka ce in ci abin da ka san zai iya kai ni kabari, don a wuce wurin!"

"Na ruɗe ne. Na faɗa wa Inna lalurarki ya fi a ƙirga, ta ce ba a halicci ciwon da nama ke kawowa ba. Ki fahimce ta, Fiddausi. Yayata sai da aka sa ranarta, dangin mijin suka aiko wai ba sa haɗa jini da mahauta. Inna ba ta warke ba har yau."

Wannan ba ta taɓa ji ba.

"To ni ce zan biya bashin wasu da raina?"

"A'a."

"Ka ji da kyau. Ina sonka, son da ban san ina da irinsa ba. Amma ba zan ci nama don Inna ta so ni ba, ba kuma zan tsaya a yi min shaidar abin da ba ni da shi ba."

"Me za ki yi?"

"Ka je ka hura wutarka."

A cikin gida ma ba ta samu sauƙi ba. Ummanta tana tsince zogale ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ni dama can ban so ba. Duk mazan garin nan ki rasa wanda za ki kawo sai mahauci? Allah ne ya raba."

"Umma, kin ga irin wannan maganar ce ta ja min."

"Ni kike faɗa wa haka?"

"Ki gafarce ni. Amma wallahi shi zan aura."

Asabar da hantsi Fiddausi ta saka tsohuwar atamfa, ta ɗauki jakarta, ta hau acaɓa zuwa Tarauni. Budurwa ta kai kanta gidan surukai ba aike ba gayya, wannan ko a zamanin farar hula abin a riƙe baki ne. Ta sani sarai, ta kuma yi sallama da ƙarfinta.

Ta tarar da matan gidan a tsakar gida, an kawo kayan ciki da kai da ƙafa na farfesun da suke sayarwa. Hayaƙin babbaka ya turnuƙe, ƙudaje na shagali. Hasana na gefe a kan kujera, wai ta sa lalle ba za ta taɓa ruwa ba.

Fiddausi ta durƙusa ta gaida Inna. Inna ta amsa da hanci.

"Me ya kawo ki?"

"Aiki na zo taya ku."

Hasana ta tuntsire. "Ke? Ki dai riƙe gyalenki da kyau kar ki yi mana amai!"

Fiddausi ta cire gyalen gaba ɗaya ta rataye a igiya. Ta naɗe hannun riga, ta jawo bahon da kowa ke kauce wa, na tumbin da ba a zubar da dattinsa ba. Ta farke shi, ta kwashe da hannunta, ta ɗauraye, ta zuba ruwan zafi ta kankare. Ta koma kan hanji tana juya shi tana matsewa. Ba ta iya sosai ba, har wata tsohuwa ta nuna mata yadda ake zura ɗan kara, amma ko sau ɗaya ba ta yamutsa fuska ba.

Inna na zaune a gefe. Tana dai kallo ta wutsiyar ido.

Da azahar aka sauke tuwo da miya mai romo. Fiddausi ta ce Alhamdulillahi, ta yi salla ta koma bakin baho.

La'asar na yi, tsohuwar abokiyar gabarta ta iso. Tukunyar farfesu ta fara tafasa, ƙamshin citta da kanumfari ya cika gidan, cikinta ya yi wani ƙugi da har na kusa da ita sai da ta waiwayo. Idonta ya fara ganin duhu-duhu. Ba ta san lokacin da ta kai gefen ɗankwali hancinta ba.

"Kin gani ko, Inna!" Hasana ta miƙe tsaye. "Ga shi nan! Ta toshe!"

Fiddausi ta juyo, idonta jawur.

"Eh, na toshe! Na yini hannuna cikin kashin saniya ban toshe ba, sai da aka ɗora tukunya. Ke ba ki tambayi kanki dalili ba? Yunwa nake ji, Hasana! Ƙamshin nan kashe ni yake yi! Shekara da shekaru ina mafarkin tsire, in farka ina haɗiyar yawu. Wa ya faɗa miki mai ƙyama haka take?"

Ta wanke hannu da sabulu, ta zauna a bakin rijiya, ta ciro gorarta da ƙullin dabino da gyaɗa. Murfin gorar ya gagare ta buɗewa.

Wani hannu ya karɓi gorar ya buɗe. Inna ce.

Ba ta miƙa mata nan take ba. Ta kamo damtsen Fiddausi ta juya shi a hasken rana. Daga wuyan hannu har gwiwar hannu ya yi rudu-rudu, ja, kamar wadda tururuwa suka yi wa taron dangi.

"Wannan fa?"

"Taɓawa ce kawai, Inna. Zai kwanta."

"Taɓawa kawai..." Inna ta maimaita a hankali. "Da kin ci na ranar suna fa?"

Fiddausi ta kawar da kai.

"Innalillahi... A ɗakina. Da hannuna." Inna ta zauna daɓas a kusa da ita, ta kai mata gorar baki kamar mai shayar da yaro. "Sha. Sha, don ubanki, mai taurin kan tsiya. Kin san haka zai yi miki kika tsoma hannu?"

"Gara hannun da a ce na raina ku."

Inna ta share ido da bakin zani, sannan ta daka tsawa. "Hasana! Tunda lallenki ya bushe, tashi ki ƙarasa hanjin nan!"

Ƙasimu ya shigo ɗaukar kayan tukuba, ya yi turus. Uwarsa ta harare shi.

"Kai kuma sakarai, ka san haka take, ka ce ta ci tsoka ɗaya? Gobe ka tura kawunnanka Gyadi-Gyadi kafin in saɓa maka."

Ya dubi Fiddausi, bakinsa ya ƙi rufuwa. Ita kuwa ta ɗauke kai, ta jefa dabino a baki. Sai da ya yi sati yana lallashi kafin ta daina ce masa Malam.

Umma ta ɗan ja, amma ranar da Inna Hauwa ta zo da kanta, ta zauna a tabarmarta ta sha madarar waken suya kofi biyu tana cewa ba laifi, sai ta sauko. Bayan damina aka ɗaura aure.

Ranar da amarya ta tare, Inna ta shigo da wata sabuwar tukunya fil, ta dire a gaban matan gida.

"Wannan ba ta san nama ba, kuma ba za ta san shi ba. Duk wadda ta jefa mata ko ƙashi, ni da ita ne."

Har yau in la'asar ta yi aka ɗora farfesu, Fiddausi takan ja ɗankwali ta rufe hanci. Baƙin da ba su san gidan ba sukan kalli juna, su fara ƙus-ƙus. Inna ba ta ko ɗagowa daga abin da take yi.

"Ku ƙyale min 'ya," takan ce. "Yunwa take ji. Wata ta miƙo mata gorarta."