Mai Son Babba da Injin Ƙyanƙyasa

A wani ƙauye da wutar lantarki ba ta taɓa leƙawa ba, an yi wani mutum mai son babban abu. Babbar hula, babbar loma, babbar magana!

Ran nan ya tara ƙwai arba'in, ya tafi birni sayen injin ƙyanƙyasa. Mai shago ya ce, "Alhaji, ga ƙarami mai aiki da fitilar kananzir."

"Babba nake so!"

"Babban fa sai da lantarki."

"Kai kurma ne? Babba nake so!"

Ya ɗauko babban a ka, yana taka rawa har gida, ya jera ƙwansa a ciki. Injin ya yi tsit, ƙwai kuwa sanyi ƙalau.

Matarsa ta ce, "Maigida, a hancinka za mu jona shi?"

Gogan naka ya fusata. "Kaza 'yar mitsitsiya ma tana ɗumama ƙwai, balle ni ƙato!" Ya fito da ƙwan, ya tattare riga, ya haye kansu, ya zauna daram. Ɓaras! Arba'in ɗin nan kaf.

Matar ta rangaɗa guɗa, ta ce, "Barka da ƙyanƙyasa, Maigida! Kada ka motsa, bari in kawo mai da albasa."