Madanni Na Uku

Rana ta yi ja sosai lokacin da motar Gwaram ta sauke Ikilima a bakin titin Birnin Kudu. Ba komai a hannunta sai kwalbar rubutu da kawunta Malam Iliyasu ya wanke mata saboda ɗanta Abdulsamad. Saurayi ne ƙato, bara ya gama sakandare, amma tun farkon damina yake zubewa. Ba zazzaɓi, ba ciwon ciki. Ci kuwa yana ci, ya share kwano tas ya ɗago ya ce yunwa. An je asibiti, an ɗebi jini, an ce ba a ga komai ba. Yanzu ko zama sai an tallafe shi.

Ta yanke ta bayan dutse don ta isa gida kafin a kira salla. Dawa ta yi tsayi, ta rufe hanyar hagu da dama. Kwaɗi suna ta kuka. Can sai suka yi tsit gaba ɗaya, kamar an toshe musu baki.

Wani ƙauri ya daki hancinta, irin na wayar wuta in ta ƙone. A tsakiyar gona fa.

Sai ga mace a gefenta, doguwa, lulluɓe da baƙin zane har fuska. Ba sallama. Tafiya suke tare, amma takun Ikilima kaɗai ake ji.

"Ɗanki ya ci abinci yau?" in ji matar, murya ƙasa-ƙasa.

Ikilima ta ɗauka wata ce daga unguwa. "Ya ci, baiwar Allah. Sai dai ba ya kama jikinsa."

"Nawa bai ci ba."

"Ayya. Shi ma ba lafiya?"

"A gidanki aka hana shi."

Ikilima ta tsaya cak.

"An ce masa ya shigo, ya shigo," matar ta ci gaba. "Aka zaunar da shi, ana cinye rabonsa ana dariya. Ina bayan katanga ina ji. Yau ni ma zan shigo. Ƙofar da aka buɗe masa ba a rufe ba."

Kwalbar ta suɓuce, ta fashe a kan dutse. Kafin Ikilima ta ɗago, babu kowa. Ganyen dawa ko motsi bai yi ba.

Da gudu ta ƙarasa gida, takalmi ɗaya a ƙafa. Mijinta Barau ya yi lodin Kano, sai gobe. 'Yarta Raliya ce kaɗai a tsakar gida tana kwashe shanya. Ikilima ta damƙi hannunta.

"Wa kuka kira cikin gidan nan? Wane baƙo kuka hana abinci?"

"Baƙo kuma, Inna?"

"Kar ki kalle ni haka! Ɗan wa kuka ce wa ya shigo?"

Idon Raliya ya tafi ƙofar ɗakin yayanta, kayan shanyar suka zube ƙasa.

Akwai wani akwatin wasa a ɗakin. Shekarun da aka yanke Jigawa daga Kano, Barau ya sha kwashe kayan ma'aikatan da aka mayar Dutse, to wani daga cikinsu ne ya ba shi kyauta, ya ce 'ya'yansa sun girma. Barau ya ce asalin wasan a wani shago a Kano ya gan shi, ƙato kamar kabad, mutum huɗu ke tsayawa a gabansa, wannan ƙanƙantar da shi aka yi don gida. Ana jona shi da talabijin da batirin mota. Yana da rami huɗu na jona madanni, abin da ake riƙewa a hannu ana dannawa, amma madanni uku aka ba su. A ciki akwai mai gatari, da mace mai garkuwa, da tsoho mai sanda, da wani ɗan ƙarami mai baka. Suna yawo ne a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, fatalwu na fitowa ta ko'ina. Kowa da lambar ransa a ƙasa, tana raguwa ko ba a taɓa shi ba. In ba ka samu kwanon abinci ka ci ba, ka mutu.

"Yaya ne," in ji Raliya. "Wata ranar da magariba muna yi, ni da shi. Labulen ƙofa ya motsa. Sai ya ɗaga madanni na uku ya ce, ko wane ne shigo, akwai wuri."

"An yi sallama?"

"A'a."

"Da magariba? Ba a yi sallama ba kuka ce shigo? Sau nawa zan faɗa muku!"

"Wasa yake yi, Inna. Sai ga mai baka ya fito a talabijin, yana tafiya shi kaɗai. Muka ce na'urar ce ke yi da kanta. Bai iya ba, sai ya yi ta cin karo da bango. Yaya ya ce ai mun samu bawa. Sai ya tura shi gaba fatalwu su rufe shi, in abinci ya fito ya ture shi ya cinye. Kullum haka. In ya mutu sai mu ji kukan yaro a bayan katanga. Na ce mu daina. Ya ce mage ce."

Wani ɗan kiɗa siriri ya taso daga ɗakin.

Raliya ta ƙanƙame uwarta. "Inna, Baba ya tafi da batirin."

Ikilima ta ɗaga labule. Hasken talabijin ya cika ɗakin, shuɗi, yana rawa a bango. Wayoyin batiri na yashe a ƙasa, ba su jone da komai ba. Ƙaurin nan ya cika ko'ina.

Abdulsamad, wanda ba ya iya zama, yana zaune tsaf a tabarma. Ido a buɗe, ba ya gani. Madanni a hannunsa.

Na uku yana gefensa, tabarmar wurin ta ɗan lotsa. Maɓallansa na dannuwa su kaɗai. Ƙas. Ƙas.

Ta ja hannun ɗanta. Yatsun sun ƙage kamar ƙarfe.

"Dubi lambarsa," Raliya ta raɗa. "Ta kusa ƙarewa."

Lambar da ke ƙarƙashin mai gatari, wanda Abdulsamad ke wasa da shi, tana sauka. Duk saukarta sai numfashin Abdulsamad ya ja baya.

Sai wani ya ƙaru a allon. Mai sanda. Ramin na huɗu kuwa ba komai a cikinsa.

Sanyi ya sauka a ƙeyar Ikilima. Wani abu ya tsaya a bayanta, dogo, har ya tare ɗan hasken ƙofa. Ba ta juya ba.

Ita da ko rediyo sai an kama mata tasha. Ta zauna a bayan ɗanta, ta rungume shi, ta ɗora yatsunta a kan nasa.

"Raliya, wanne ne tafiya?"

"Na hagu. Tura shi inda kike so."

Mai gatari ya motsa, ya yi karo da bango, ya dawo. A kusurwar ɗakin wasan wani kwano ya fito. Guda ɗaya.

"Ga shi can! Inna ki ci, ki ci, lambarsa za ta hau!"

Ta tura. Tana dab da kwanon sai ta ga mai baka. Ya riga ta zuwa, amma bai taɓa ba. Ya ja gefe ya raɓe a bango, yana jiran a ture shi yadda aka saba.

A gefenta, a kan tabarma, wani ƙaramin ciki ya yi ƙugi.

Ta san wannan ƙarar. Duk uwa ta san ta.

"Inna!"

"Yi min shiru."

Ta juya mai gatari. Ta bar kwanon a bayansa, ta tsayar da shi a bakin hanya, inda fatalwu ke tahowa a jere.

Ta farko ta iso. Duka ya sauka a gadon bayanta, nata na gaske, har ta ciji leɓe.

Na biyu. Na uku.

"Ci," ta ce, ba ta kalli gefenta ba. "Ɗan nan, ci. Naka ne."

Mai baka bai motsa ba.

"Ci mana. Ba mai ture ka."

Mai baka ya matsa kaɗan. Ya tsaya. Ya ƙara matsawa. Kwanon ya ɓace.

Ta ji ana tauna a gefenta, da sauri, ana tanɗar hannu ana lasa.

Kan Abdulsamad ya faɗo a kafaɗarta. Ta saurari numfashinsa. Da ƙyar.

Ƙofar fita tana can ƙarshen allon, amma mai sanda ya tsaya a bakinta. Ya ɗaga sandar.

"Ya ci," in ji Ikilima, hawaye na shiga bakinta. "Kin gani da idonki. Baƙonmu ne, mun wulaƙanta shi, na yarda. Ki bar min ɗana."

Numfashi mai sanyi ya taɓa kunnenta.

"Yau ya ci. Sauran kwanakin fa?"

"Ki cire a jikina."

"Ba ke kika yi dariya ba."

Sandar ta fara sauka.

Sai mai baka ya ruga, ya yi karo da bango kamar kullum, ya gyara, ya zo ya tsaya a gaban mai gatari.

Wata 'yar murya ta ce, "Na ƙoshi. Mu tafi gida."

Sandar ta tsaya a sama. Ikilima ba ta san tsawon lokacin ba.

"Na bar miki ransa," in ji muryar matar. "Amma bakin da ya ci rabon ɗana, na tafi da abin da ke cikinsa."

Wani dogon hannu ya zuro ta saman kafaɗar Ikilima. Yatsa ɗaya ya shafi leɓen Abdulsamad.

Talabijin ta ɗauke. Labule ya ɗaga ya koma. Daga masallacin unguwa ladan ya ɗaga murya, kwaɗi suka ci gaba da kukansu.

Abdulsamad ya ja dogon numfashi, ya ce, "Inna, ruwa."

Ya warke. Kafin a yanke dawa jikinsa ya dawo, yau shi ke jan motar babansa a hanyar Gwaram. Sai dai tun daga ranar bai sake sanin ɗanɗanon komai ba. Zuma da toka ɗaya ne a bakinsa. Malam Iliyasu ya yi iya yinsa, ya ce a gode Allah da rai. In ana cin abinci a tasha, direbobi na tsokanarsa don kullum sai ya tura naman kwanonsa gaban na kusa da shi.

Gadon bayan Ikilima ya yi shati baƙi-baƙi, har yanzu in hadari ya haɗu sai ya motsa mata. A gidan kuwa, ko Barau ne ya tsaya a ƙofa, ba mai ce masa shigo sai an ji sallamarsa.

Washegarin ranar da abin ya faru, da Barau ya dawo, ya tattara akwatin da wayoyinsa a buhu zai je ya jefa a kogi. Madanni biyu ya samu. An ɗaga tabarma, an ja gado, an share ɗakin kaf, na ukun bai fito ba.

Ikilima ta ce a daina nema. Yaro ne, an ce masa akwai wuri, ya tafi da abinsa.