Ranar da Yari Ya Ɗaure Jaki a Jirgi

Zamanin da Turawa ba su daɗe da zuwa ba, an yi wani yaro a Illela mai suna Yari. Akwai shi da cika baki. Yakan ce wa yara ya san jirgin ƙasa ciki da waje, alhali bai taɓa wuce Kalmalo da ke kusa da su ba.

Wata shekara babansa, Malam Maccido mai fataucin fata, ya tafi da shi Kano. Jakinsu ɗaya tak, Duna, kuma da shi gidan ke cin abinci.

Da suka iso tashar jirgi, Yari ya saki baki. Ga rufin kwano yana ƙyalli. Ga agogo a bango. Ga tankin ruwa bisa dogayen ƙafafu, ga wasu ɗakunan katako a jere.

Baba ya sauke fatun zai kai ma'auni. Ya ce Yari ya tambayi Halliru, ma'aikacin da ke riƙe da tuta, inda ake ɗaure dabbobi.

Tambaya? Shi Yari guda? Ya hango zoben ƙarfe jikin ɗakin ƙarshe, ya ce wannan ma ya fi turken gida. Ya ɗaure Duna tamau.

Aka kaɗa ƙararrawa. Wani abu ya yi ƙara can gaba, hayaƙi ya turnuƙe. Igiya ta miƙe.

"Baba! Ɗakin na tahiya da Duna!"

Jaki ya faɗi bisa gwiwa, ana jansa cikin tsakuwa. Halliru ya yar da tuta, ya sheƙa, ya datse igiyar da wuƙa.

Duna ya miƙe yana ɓari, gwiwa duk jini. Baba ya daɗe yana shafa wuyansa.

"Mi ya hana ka tambaya, ɗana?"

"Kunya na ji a ce ban sani ba," in ji Yari, yana hawaye.

Halliru ya nuna masa ƙafafun ƙarfe a ƙarƙashin ɗakunan. Ya ce ɗakunan na jirgi ne, sunansu tarago, ƙararrawa kuma sanarwar tashi ce. Yari ya yi ta tambaya har Baba ya fara dariya.

Duna ya warke, suka koma Illela tare. Yari ya nuna wa yara guntun igiyar, ya faɗi gaskiya, ko da yake wajen girman hayaƙin ya ɗan ƙara gishiri.

Yara, in ba ku san abu ba, ku tambaya. Ba abin kunya ba ne.